Muhawarar Zauren Karatu: Ta Ina Ake Shiga Fannin da Ba a Saba da Shi Ba?

Ɗaliba daga Malali:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya daɗe yana damuna. Tun ina sakandare ban san wani karatun nishaɗi ba sai na littattafan soyayya da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp, kuma yanzu abin ya kai ga cewa kafin in gama babi na biyu na riga na san wadda za a aura da wadda za ta zama muguwar kishiya. Ina so in shiga wasu fannoni, na ƙagaggun labarai da na ilimi, amma idan na shiga shagon littattafai sai in tsaya ina kallon kanta, in rasa wanda zan ɗauka. Ku da kuka daɗe kuna karatu, ta wace hanya kuke gano littafin da zai karɓe ku a fannin da ba ku saba da shi ba?

Injiniya na Barnawa:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawarata gajeriya ce, ko da yake na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba a zauren nan. Ki ajiye ƙagaggun labarai gaba ɗaya na tsawon shekara guda, ki koma ga tarihi da tarihin rayuwar manyan mutane da tattalin arziki. Kina zaune a Kaduna, garin da ya zama hedikwatar Arewa a 1917, amma da yawa daga cikin matasanmu ba su taɓa buɗe littafin da Sardauna ya rubuta game da rayuwarsa ba, wato My Life na 1962, balle babban littafin da John Paden ya rubuta a kansa a 1986. Gidan da ya zauna yana nan a titin Rabah, shi ne Arewa House, kuma akwai ɗakin karatu a ciki. Kwanan mutum ƙalilan ne, ni kuwa ban ga dalilin ƙarar da su a kan mutanen da ba a taɓa halitta ba.

Hajiya ta Unguwar Rimi:
Injiniya, Allah ya ba ka haƙuri, amma wannan shawara taka ita ce hanya mafi sauri ta raba yarinya da karatu baki ɗaya. Wadda ta saba da labari mai jan hankali, idan aka ɗora mata littafi mai shafi ɗaruruwa cike da sunayen kwamitoci da ranakun taro, ba za ta wuce gabatarwa ba. Sannan ina so in gyara wani zato da ke yawo, cewa duk abin da mata suka rubuta da Hausa soyayya ce zalla. 'Yata, ki nemi littattafan Balaraba Ramat Yakubu. A cikin Wa Zai Auri Jahila? yarinya ce aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho ba da son ranta ba, ta kuma koma ta nemi ilimi da kanta. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, mace ce miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi sabon aure, ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe su. Wannan na biyun har an fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Duk wanda yake son sanin yadda tattalin arzikin gida ke tafiya a ƙasar Hausa, zai same shi a nan fiye da yadda zai same shi a rahoton kowace ma'aikata.

Injiniya na Barnawa:
Hajiya, ban raina marubuciyar ba, amma labarin mace guda da aka ƙirƙira ba hujja ba ne. Idan ina son sanin halin da zawarawa ke ciki, bincike zan nema mai alƙaluma, wanda za a iya bin diddiginsa a tabbatar ko a ƙaryata.

Tsohon Malamin Hausa, Tudun Wada:
Ku yi mini izini in sa baki, domin ina ganin kun ɗauki tambayar 'yarmu kun mayar da ita gardamar wane fanni ya fi wani, alhali ita hanya ta tambaya. A iya abin da na gani a aji, ba a shigar da mutum sabon fanni da umarni, kuma ba a shigar da shi da dogon jerin sunaye. Abin da ke shigar da shi shi ne tambayar da littafin da ke hannunsa ya bar masa. Idan ya bi wannan tambayar, ita ce za ta ja shi ta fitar da shi daga fannin da ya saba ba tare da ya ji an tilasta masa ba.

Bari in ba da misali da abin da ke kusa da mu. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, kuma daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ki ɗauki Shaihu Umar, 'yata, ƙarami ne, zama ɗaya ko biyu ya ishe ki. Labarin yaro ne da aka sace aka bautar, aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Idan kin gama, ba makawa za ki tambayi kanki ko da gaske haka ake kama mutane a ƙasar nan, kuma yaya rayuwar bawa take a cikin gida. To, amsar tana cikin littafin da ba ƙagagge ba ne, wato labarin Baba mutuniyar Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950. An buga shi da Turanci a 1954, akwai kuma bugunsa na Hausa. A ciki Baba ta yi bayanin harin mahara, da zaman rinji, da fansar waɗanda aka kama, da aure-aurenta, da ƙawance tsakanin mata. Daga nan idan kina son sanin su wa ke riƙe da mulki a lokacin, kuma ta yaya sarauta ke zagayawa tsakanin gidajen Zazzau, sai ki tarar mijin Mary Smith ɗin, M. G. Smith, ya rubuta Government in Zazzau, wanda ya fito a 1960. Kin ga an tashi daga ƙagaggen labari, an bi ta tarihin rayuwa, an sauka a binciken masana, kuma a kowane mataki ke ce kike neman na gaba.

Hajiya ta Unguwar Rimi:
Allah ya gafarta Malam, ka faɗi abin da ke raina. Zan ƙara da cewa labarin Baba ya fi dacewa da 'yarmu fiye da kowa, domin duk abin da ta saba gani a littattafan soyayya, kishi ne, saki ne, auren dole ne, yana ciki, sai dai wannan karon daga bakin wadda ta rayu a cikinsa tun kafin zuwan Turawa.

Ɗaliba daga Malali:
Na gode, Baba Malam. Amma ina da wata tambaya. Idan littafin da na karanta bai bar mini wata tambaya ba fa? Yawancin waɗanda nake karantawa da zarar an ɗaura aure shi ke nan, babu abin da ya rage in nema.

Tsohon Malamin Hausa, Tudun Wada:
Wannan ita kanta alama ce, 'yata. Littafin da ya rufe komai bai bar miki ko ƙofa ɗaya ba, ya yi aikinsa na ɗebe kewa, kuma babu laifi a cikin haka, amma ba shi ne zai kai ki wani wuri ba. Sai dai ki lura, sau da yawa tambayar tana nan a gefen labarin, marubucin ne bai tsaya a kanta ba. Idan saurayin labarin soja ne, me ya sa ya shiga soja, kuma me aikin ya yi masa? Idan mahaifin yarinyar attajiri ne, daga ina dukiyarsa ta fito? Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya rubuta Mallakin Zuciyata na soyayya, shi ne kuma ya rubuta Turmin Danya a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Ko bin marubuci guda daga littafi zuwa littafi ya isa ya sauya miki fanni.

Almajirin Zaure daga Rigasa:
Assalamu alaikum. Ina bibiyar tattaunawar tun farko, kuma na lura ana maganar Hausa da Turanci kamar su kaɗai ne harsunan karatu a garin nan. Mu da muka taso a gaban malaman zaure muna da namu fannonin masu yawa, ko da yake mu ma muna da irin ciwon da 'yar'uwa ta kawo, domin akwai ɗalibin da zai shekara da shekaru tsakanin fiƙihu da nahawu bai taɓa leƙa tarihi ko adabi ba. Alhali magabata ba haka suka yi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a kan tarihin ƙasashen nan da jihadi, kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Maƙamatul Hariri da ake karantawa a zaure don ƙwarewa a lugga, ai ƙagaggun labarai ne na wani mayaudari mai fasahar baki da ke yawo gari-gari. Saboda haka ina ganin Injiniya ya tsananta, domin malamai masu tsoron Allah sun karantar da labarin mutumin da ba a taɓa halitta ba ƙarni bayan ƙarni, ba su ɗauke shi ɓata lokaci ba.

Ga wanda yake jin Larabci ko yake iya samun fassara, ina ba da shawarar Kalila wa Dimna, wanda asalinsa daga Indiya ne, Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci daga harshen Farisa a ƙarni na 8. Wanda ya karanta shi sannan ya koma ga Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, zai ga yadda Abubakar Imam ya ɗebo daga rumbun Larabawa da Indiya da Turai ya sa wa labaran rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Daga nan hanya a buɗe take zuwa Rihlar Ibn Baɗuɗa, wanda ya ziyarci daular Mali a ƙarni na 14, da Muƙaddimar Ibn Khaldun ga mai son sanin dalilin tashin dauloli da faɗuwarsu.

Injiniya na Barnawa:
Malam, na yarda da batun Muƙaddima, domin littafi ne mai neman dalilan abubuwa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa hanyar Baba Malam doguwa ce. Me zai sa in bi ta ƙagaggen labari kafin in isa ga gaskiya, alhali gaskiyar tana kan kanta ina iya miƙa hannu in ɗauko? Ni da na so sanin abin da ya kashe masaƙun Kakuri, ban nemi labari ba. Na san an buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, na san dubban mutane sun ci abinci a unguwar, sai na nemi littafin Gunilla Andrae da Björn Beckman a kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wanda ya yi nazarin masaƙun Kaduna da Kano. Kai tsaye na tafi.

Tsohon Malamin Hausa, Tudun Wada:
Ai Injiniya, abin da ka bayyana shi ne ainihin abin da nake faɗa. Kana da tambaya, ita ce ta kai ka ga littafin. Bambancinka da 'yarmu shi ne kai rufaffun ƙofofin masaƙu ne suka ba ka tambayar, ita kuwa labari ne zai ba ta. Sannan ina da abin da zan tambaye ka. Littafin ya gaya maka yadda ƙungiya ta yi ciniki da masu masaƙa, amma ya gaya maka abin da magidanci ke ji ranar da ya koma gida da takardar sallama, yara suna jiran kuɗin makaranta? Wannan ɓangaren sai mai ƙaga labari ko mawaƙi.

Ma'aikaciyar Laburare, Kawo:
Ina gaishe da iyaye da malamai. Ni zan kawo wata hanya ta daban wadda ba ta buƙatar mutum ya zo da tambaya, domin ba kowa ne yake da ita a ranar farko ba. Yawancin ɗakunan karatu na jama'a suna jera littattafai bisa tsarin Dewey, wanda ya raba ilimi gida goma daga 000 zuwa 999. Falsafa da halayyar ɗan'adam suna 100, addini yana 200, zamantakewa da siyasa da tattalin arziki suna 300, harsuna 400, kimiyya 500, sana'o'i da likitanci da noma 600, zane da kiɗa da wasanni 700, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. Abin da na lura da shi shi ne kowane mai karatu yana da lambarsa, da ya shigo can yake nufa kamar an ɗaure shi da igiya. Shawarar da nake ba matasa ita ce duk ranar da suka zo, bayan sun ɗauki abin da ya kawo su, su je gidan da ba su taɓa shiga ba su zaro littafi ɗaya, su karanta shafi goma a tsaye. Idan bai kama su ba su mayar, babu wanda zai tuhume su. A garin nan muna da ɗakin karatu na jiha, da reshen na ƙasa, da na Cibiyar Gusau, da na Arewa House, ga kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa ga mai son ganin rahotannin Turawan mulki da idonsa. Wanda ya iya zuwa Zariya kuwa, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello.

Hajiya ta Unguwar Rimi:
Ƙanwata, wannan batu na shafi goma ya yi mini. Da yawa daga cikinmu an tarbiyyantar da mu cewa barin littafi ba a gama ba kasawa ce, shi ya sa muke tsoron fara wanda ba mu tabbatar da shi ba.

Mai Shagon Littattafai, Kasuwar Gumi:
Ranku ya daɗe, ku bar ni in faɗi yadda abin yake daga bayan kanta, domin duk wannan shawara sai littafin ya samu za ta yi amfani. Abin da ke fita a shago kashi uku ne: littattafan addini, littattafan makaranta, da duk wanda hukumar jarrabawa ta sa a manhaja. Idan WAEC ko NECO ko JAMB ta sa littafin Hausa, za a neme shi har ya yanke, ranar da aka cire shi kuwa sai ya kwanta ya yi ƙura. Wannan ne ya sa mai shago ba ya iya zuba jarinsa a wasan kwaikwayo ko rubutattun waƙoƙi, ga kuma tsadar takarda da ta sa masu ɗab'i ba sa sake buga tsofaffi sai sun tabbatar da kasuwa. Amma akwai abin da masu karatu ba su sani ba. Idan mutum biyar ko goma suka haɗu suka ce ga littafin da suke so, muna iya aikawa Zariya ko Kano a nemo, domin kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ne ya gaji yawancin tsofaffin littattafan nan. Mutum ɗaya ne ba ya isa a yi masa aike. Kuma kada ku raina masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, domin a wurinsu ake tsintar jerin Pacesetters da na African Writers Series da ba a ganinsu a shago yanzu.

Ɗaliba daga Malali:
Alhaji, to yaya batun waɗanda ake turowa a waya? Sau da yawa ana sa tsofaffin littattafai a zauruka kyauta, kuma gaskiya mu ɗalibai shi ne abin da ya fi mana sauƙi.

Mai Shagon Littattafai, Kasuwar Gumi:
'Yata, ba zan ɓoye miki ba, ina da maslaha a cikin maganar, amma ko ba don ni ba, littafin da aka ɗauki hotonsa aka watsa ba da izinin mai shi ba hakkin wani ne. Akwai marubuta da yawa da ke sayar da nasu ta manhajoji ko kai tsaye a kan kuɗi kaɗan, wannan hanya ce mai tsabta. Kuma idan zaure irin wannan ya sayi kwafi uku aka riƙa zagayawa da su, kuɗin da zai faɗo kan kowa bai kai na katin waya ba.

Tsohon Malamin Hausa, Tudun Wada:
Tun da Alhaji ya ambaci fannonin da ke kwance a shago, bari in tsaya a kansu kaɗan, domin a nan ne aka fi yi mana asara. Ana cewa Hausa ba ta da labarin kimiyya, alhali Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, labarin yaron da aka ɗauka aka zagaya da shi sararin samaniya. Yaron da ya karanta shi zai so sanin mene ne tauraruwa mai wutsiya a zahiri, sai a gaya masa akwai wadda ake kira Halley, mai dawowa bayan kimanin shekara 76, an gan ta a 1910 da 1986, ana kuma sa ran ta a 2061. Daga nan sai a miƙa masa Ikon Allah, wanda Imam da East suka rubuta don bayyana halittu da Hausa. Labarin tafiye-tafiye ma muna da shi, ga Tafiya Mabuɗin Ilmi da Imam ya rubuta bayan ziyararsa Ingila a 1943 tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma. A wasan kwaikwayo ga Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Muhammad Sada, waɗanda suka kai mai karatu har cikin kotun alƙali. Waƙa kuwa, ina roƙonku kada ku karanta ta da ido kawai. Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, don rerawa aka yi shi, haka ma waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu. Wanda kuma ya rera waƙar Sa'adu Zungur a kan jumhuriya da mulukiya zai tarar ya shiga siyasar Arewa ta gab da samun 'yanci, ya isa ƙofar littattafan da Injiniya ya fara ambata.

Malamin Turanci, Sabon Tasha:
Ina neman afuwa da na shigo a makare. Akwai gefen da ba a taɓa ba, wato 'yan Arewa masu rubutu da Turanci. Zaynab Alkali ta fitar da The Stillborn a 1984, kuma wadda ta karanta Balaraba za ta ji kamar ta shiga maƙwabta ne. Elnathan John, wanda haifaffen Kaduna ne, ya rubuta Born on a Tuesday a kan wani almajiri da ya tsinci kansa cikin bangar siyasa da rikicin aƙida. Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016 da Season of Crimson Blossoms. Ina faɗakarwa cewa waɗannan biyun na ƙarshe sun taɓo abubuwan da wasu masu karatu za su ji nauyinsu, saboda haka kowa ya san da haka kafin ya ɗauka. Daga waje kuma, So Long a Letter na Mariama Ba 'yar Senegal, wasiƙar wata mata ce mai takaba wadda mijinta ya yi mata kishiya da ƙawar 'yarta. Wata hanyar gano sababbin sunaye ita ce bukukuwan littattafai. An fara bikin KABAFEST a garin nan a 2017, an kuma fara bikin HIBAF na adabin Hausa a 2021, kuma a irin waɗannan wurare mutum yakan ji marubuci yana magana sai ya nemi littafinsa.

Almajirin Zaure daga Rigasa:
Malam, na gode da faɗakarwar da ka yi, domin ita ce damuwata game da wannan kira na a karanta komai. Ba kowane littafi ne ya dace da kowane shekaru ba, kuma akwai wanda zai shiga kan yaro ya ɓata masa tunani kafin ya sami abin da zai auna shi da shi. Ina ganin faɗaɗa karatu yana buƙatar jagora, kamar yadda ba a ɗaukar babban littafi a zaure sai malami ya ce an kai.

Hajiya ta Unguwar Rimi:
Ga yara ƙanana na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma 'yarmu ɗalibar jami'a ce, kuma abin da ke shigowa wayarta kullum ba tare da izinin kowa ba ya fi duk waɗannan littattafai haɗari. Gara ta karanta mai nauyin ta zo nan a tattauna, da a hana ta ta karanta a ɓoye. Ina kuma tuna wa masu cewa mata ba su da jigo sai soyayya cewa a 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gudanar da gasar Hikayata ta mata zalla, kuma labaran da ke fitowa sun taɓo gudun hijira da fyaɗe da talauci da shaye-shaye.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, an zuba ilimi, Allah ya saka wa kowa da alheri. Don kada maganar ta tsaya a baki, ga abin da nake ba da shawara. Kowane wata mu ɗauki littafi biyu masu magana a kan abu ɗaya, ɗaya ƙagagge ɗaya na bincike ko tarihi, wanda kuma ya kawo shawarar ya bayyana abin da ya haɗa su. A wata mai kamawa mu fara da Shaihu Umar da labarin Baba, tun da Baba Malam ya riga ya share hanya. Masu son kwafi su rubuta sunansu kafin Juma'a domin Alhaji ya san adadin da zai aika a nemo. Injiniya, wata na biyu naka ne, kai za ka zaɓa.

Injiniya na Barnawa:
Na karɓa, amma da sharaɗi. Zan kawo Oil, Politics and Violence na Max Siollun, wanda ya bi diddigin juyin mulkin soja daga 1966 zuwa 1976, tun da wani babban ɓangare na abin da ya faru daren 15 ga Janairun 1966 a garin nan ya faru. Ƙagaggen kuwa sai dai wani ya zaɓa, kuma ina sanar da ku tun yanzu cewa zan karanta shi da biro a hannu, duk inda ya saɓa wa tarihi zan kawo shi gaban zaure.

Tsohon Malamin Hausa, Tudun Wada:
To, a haɗa maka da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nasara a gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya aka buga a 1982. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin basasa ya tara 'yan ta'adda a ƙarƙashinsa. Akwai zubar da jini da yawa a ciki, saboda haka Malam na Rigasa ya shirya nasa ƙorafin shi ma. Alhaji, a duba mana ko ana samunsa, idan kuma ya yanke, ina da tsohon kwafi da za a iya zagayawa da shi, muddin za a dawo mini da shi da bangonsa.

Mai Shagon Littattafai, Kasuwar Gumi:
Zan tambaya a Zariya gobe in Allah ya kai mu, zan kuma sanar da ku farashi kafin kowa ya turo kuɗi.